Ranaku Biyu Da Ke Cikin Kwas Ɗinka A Moodle

'Yan uwa ɗalibai, idan malami zai buɗe kwas a Moodle, yakan fara zaɓar yadda zai jera darussa: mako-mako ko maudu'i-maudu'i. Sai ya ɗora manhajar kwas ɗin a sama, yawanci a PDF, tare da rabon maki. Wannan kowa na dubawa.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen asayimen, domin malam na iya sa ranaku biyu. Ta farko ranar miƙa aiki ce. In ta wuce za ka iya turawa, sai dai Moodle zai nuna masa ka makara, har da awa nawa. Ta biyu ita ce ranar rufe ƙofa. Tana cika, maɓallin turawa ya ɓace, ko da minti ɗaya ka ƙara. Kwamfuta ba ta jin "wallahi wuta aka ɗauke". Sai dai ka je ka roƙi malam ƙarin lokaci, in ya ga dama.

Sannan a wasu kwasa-kwasan, ɗora fayil ba shi ne miƙawa ba. Aikinka na nan a matsayin daftari har sai ka danna maɓallin tabbatarwa. Don haka wakilin aji ya tambayi malam tun makon farko ko ya kunna wannan, da kuma girman fayil ɗin da ya yarda da shi, don hoton takarda da aka ɗauka da waya yakan yi nauyi.