Amsoshin Tambayoyinku: Tuba Mai Fistin da Tuba Mai Juyi

Tambayar yau ta fito ne daga wani mai sauraro a Sokode, ƙasar Togo, wanda ke son sanin bambancin tuba mai fistin da tuba mai juyi.

Tuba ita ce babban ƙahon tagulla mai zurfin murya, wadda aka ƙirƙiro a Berlin a 1835, kuma ta bambanta da kakaki saboda tana da bawul, wato maɓallin da ke karkatar da iska cikin ƙarin bututu domin murya ta sauka. Bawul mai fistin yakan nutse ya taso a tsaye, yatsa na yin tafiya mai ɗan tsawo, shi kuwa mai juyi, wanda Jamusawa suka fi so, jujjuyawa yake yi idan an danna ɗan hannunsa, kuma tafiyar yatsa gajera ce. Mabusa da dama na cewa mai juyi ya fi haɗa sauti cikin laushi, amma faɗin bututu da ƙirar ƙahon sun fi bawul tasiri a kan murya.

Ga mabushin Sokode, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, fistin ya fi dacewa, domin mai shi na iya zare shi ya goge ya sa mai da kansa, alhali kwance mai juyi sai ƙwararren magyari.