Ƙaunar Iyaye Da Kwaɗayin Duniya A Cikin Ƙagaggun Labarai

 

Darasin wannan mako ya shafi littattafan ƙagaggun labarai na Hausa. Wataƙila mai karatu ya ce me ya haɗa filin addini da littattafan hira? To, abin da ya haɗa su shi ne masu karanta su. Tun cikin shekarun 1980, lokacin da aka shiga buga littattafan soyayya a Kano babu ƙaƙƙautawa, 'yan kasuwa suka riƙa fita da su ƙasashen karkara, har Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye irin su Kiyako, inda littafi ɗaya kan zaga gidaje da yawa ta hanyar aro. Abin da matan aure da 'yan mata suka karanta a tsakar gida kuwa ya cancanci a auna shi da ma'aunin shari'a. Wanda ya bi waɗannan labarai da natsuwa zai tarar akwai mutum guda da ba a cika rasa shi a cikinsu ba, watau mahaifin da ke son ɗansa ko 'yarsa matuƙar so, amma ya ɗauka jin daɗin duniya abu ne da ake saye da kuɗi.

Wannan jigo ya girmi littattafan kasuwar Kano nesa ba kusa ba. Yana nan cikin Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, aka buga a Zariya wajen 1934. Malam Shehu attajiri ne wanda Allah Ya ba kome, sai dai bai ba shi haihuwa ba. Begen ɗa ya hana shi sakat, har ya ƙudurta a ransa cewa in ya auri wata yarinya Zainabu zai samu. Ita kuwa akwai alkawari tsakaninta da wani saurayi, Abubakar, wanda ba ya da ƙarfin da zai ja da attajiri. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure, kuma aka haifi ɗa namiji aka riƙa kiransa Kyauta, sunan da Hausawa kan laƙaba wa yaron da aka daɗe ana jira. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya kuwa sami abin da ya nema. Kyauta ya tashi ɓarawo gagararre, daga ƙarshe shi ya kashe ubansa da hannunsa ba tare da ya san ko wane ne ba.

Ya kamata a tsaya a kan Malam Shehu kaɗan. Neman haihuwa ba laifi ba ne. Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Allah magaji bayan tsufa ya kama shi, kamar yadda ya zo a farkon Suratu Maryam. Bambancin yana wajen hanyar nema. Annabi Zakariyya ya kai kukansa ga Mai bayarwa, shi kuwa Malam Shehu ya buɗe bakin jaka ya shiga neman aure a kan neman wani, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci dukiya da 'ya'ya tare a Suratul Kahfi, aya ta 46, a matsayin ƙawar rayuwar duniya, Ya kuma ambace su tare a Suratut Tagabun, aya ta 15, a matsayin jarrabawa. Malam Shehu ya ɗauki ɗaya daga cikin jarrabawar ya sayi ɗayar da ita. Sihirin da Abubakar ya nema kuwa yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, kuma zaluncin da aka yi masa bai halatta masa lalata rayuwar jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bayan shekara hamsin da ɗoriya sai ga jigon ya dawo ta wata fuska. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da kome, amma manyan gidansu suka karkata ga wani ɗan kasuwa, Abdulƙadir, mai yawan kyauta. Da abin ya ishe ta sai ta faɗa rijiya. Wannan ba abin koyi ba ne ko kaɗan, domin Allah Ya hana mutum kashe kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kome tsananin da ya shiga.

Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya fi kusa da abin da mutanen karkara suka sani. Malam Garba ya cire 'yarsa Abu daga makaranta, aka aurar da ita tana da shekara 13 ga Sarkin Noma, dattijo mai abin hannu. Ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar kanta an yi mata aure tana ƙarama, sabo da haka ba da ka ta yi magana ba. Tun kafin a haife ta da fiye da ƙarni guda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, a littafinsa Nurul Albabi.

Sai dai akwai inda yawancin littattafan soyayya suka sauƙaƙa wa kansu al'amari. Sau da yawa sai a wayi gari attajirin da iyaye suka zaɓa ashe mugu ne ko mai fataucin haram, shi kuwa talakan da aka raina sai arziki ya faɗo masa a babi na ƙarshe, a yi biki da motoci. Ke nan marubucin ya soki kwaɗayi a farko, ya kuma durƙusa masa a ƙarshe, tun da bai yarda masoyan su ji daɗi cikin rufin asiri kawai ba. Alhali Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah ya bayyana wadata ta gaskiya da wadatar zuci, ba tarin kaya ba. Tambayar da ke gaban iyaye a zahiri ta fi ta littafi wuya: idan mai kuɗin mutumin kirki ne, mai salla, amma yarinya ba ta son sa fa?

A nan dole a faɗi abin da ke cikin littattafan fiƙihu yadda yake. A mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa ko da bai nemi izininta ba, haka Ibn Abi Zaidin ya kawo cikin Risala, ya kuma buɗe masa ƙofar yin shawara da ita. Amma malamai sun gina wannan iko ne a kan zaton cewa babu wanda ya kai uba tausayin 'yarsa da sanin maslaharta. Amana ce aka ba shi domin amfaninta, kuma cutarwa haramun ce a cikin aure da wajensa. Sadaki ma, wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne a wannan mazhaba, haƙƙin matar ne bisa aya ta 4 ta Suratun Nisa'i, ba na waliyyi ba.

Yadda abin kan faru a ƙauye ba ya bukatar mugun uba. Damina ta yi gardama, rumbu ya yi ƙasa, sai wani mai hali ya aiko da buhun gero, gobe ya aiko da taki, jibi ya biya kuɗin magani. Ba a ambaci yarinya ba tukuna. Ranar da za a ambace ta, baki ya riga ya ci, ido ya ji kunya, uba kuwa ya shiga lallashin zuciyarsa cewa ai gidan hutu za shi kai ta, ba daka ba surfe, ba zuwa rafi. Yana iya zama da gaske yake, domin wanda ya ɗanɗani yunwa ba ya so ɗansa ya ɗanɗana. Amma ya dace ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah, da wannan mutum bai taɓa aiko da ko ƙwayar hatsi ba, shin shi zai zaɓa mata? Ma'aunin da ya zo a hadisin Tirmizi game da mai neman aure abu biyu ne, addini da hali.

Irin wannan ƙara ta taɓa zuwa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari ya ruwaito cewa Hansa'u 'yar Hizamu, mutuniyar Madina, ubanta ya aurar da ita tana bazawara ba da son ranta ba, ta kai kuka, aka warware auren. Nasa'i da Ibn Majah kuma sun kawo labarin wata yarinya da ta zo ta ce ubanta ya ba da ita ga ɗan ɗan'uwansa don ya ɗaga ƙasƙancinsa da ita. Manzon Allah ya mayar da al'amarin hannunta, ta zauna ko ta rabu. Da zaɓi ya zo hannunta sai ta ce ta amince da abin da mahaifinta ya yi, ta kawo ƙara ne don mata su san cewa suna da ta cewa a cikin aurensu.