Cacar ƙwallo a waya: shingen wuri da abin da ake kira VPN

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi wa ƙungiyoyin adashi, akwai tambayar da iyaye suke yawan yi mana. Suna ganin samari sun sunkuyar da kai kan waya ranar Asabar da Lahadi da yamma, lokacin da ake buga ƙwallo a Ingila da Sifen. Suna jin ana ambaton VPN, amma ba su san ko mene ne ba. Wasu samarin har kuɗi suke biya a sa musu shi a shagon cajin waya, domin an gaya musu da shi za su shiga kamfanonin caca na Turai da Amurka, waɗanda aka ce sun fi biya. Bari mu duba wannan abu tare, manya da yara, gama kuɗin da yake bin wannan hanya kuɗin taki ne da na makaranta.

Me ya sa kamfani yake ƙin karɓar kuɗinka?

Wani lokaci yaro yakan buɗe shafin caca na wata ƙasa, sai a rubuta masa cewa ba a yarda a yi wasa daga inda yake ba. Ba ƙiyayya ba ce. Kamfanin caca da lasisi yake aiki, lasisin kuwa na wuri ɗaya ne, kamar yadda takardar gona take nuna daga wace bishiya zuwa wane dutse. In kamfani ya karɓi caca daga wurin da lasisinsa bai kai ba, za a ci shi tara, ko a ƙwace lasisin.

A Amurka ne wannan abu ya fi fitowa fili. Tun 1992 akwai dokar tarayya da ta hana cacar wasanni a kusan dukan ƙasar. A watan Mayu 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar, ta bar wa kowace jiha ta yanke wa kanta. Yanzu fiye da jihohi 30 sun yarda da ita, amma wasu, kamar Utah da Hawaii, sun ƙi. Saboda haka mutum yana iya yin caca a wannan gefen kogi, a wancan gefen kuwa wayarsa ta ƙi. Haka ya faru tsakanin New York da New Jersey. New Jersey ta buɗe tun 2018, New York ba ta yarda da cacar waya ba sai Janairu 2022. A shekarun da ke tsakani, mutanen New York sukan hau jirgin ƙasa su haye kogin Hudson, wasu ma da keke suke hawa gada, su tsaya daidai inda suka shiga New Jersey, su latsa waya, su juya gida. Ku lura, doka ba ta tambaya inda aka haife ka ba. Inda ƙafarka take tsaye a lokacin take tambaya.

Mu ma a Nijeriya mun doshi irin wannan tsari. A watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, sai Abuja kaɗai. Kowace jiha ce take da ikon ba da lasisi ko hanawa. Legas tana da hukumarta da take ba da lasisi, a Kano kuwa Hisba ta rufe shagunan caca a 2024.

Yadda VPN yake aiki

Kowace waya da ta hau intanet tana da wata lamba, adireshinta ke nan, wadda take nuna ƙasar da take da kamfanin sadarwar da take bi. Bari mu kwatanta da wasiƙa. In ka aika wasiƙa daga Pankshin, hatimin gidan waya zai nuna Pankshin. Amma in ka sa ta cikin wata ambulan, ka aika wa ɗan'uwanka a Kaduna, shi ya sāke aika ta, wanda ya karɓa zai ga hatimin Kaduna. Aikin VPN ke nan. Yana ɗaukar saƙon wayarka, ya rufe shi, ya kai shi wata kwamfuta a Landan ko wani birni, daga can ya miƙa shi gaba. Sai shafin ya ga kamar daga Landan kake.

VPN ba mugun abu ba ne a kansa. Bankuna da ofisoshi suna amfani da shi don tsare asirin aikinsu. Yawancin matasanmu sun san shi ne a lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Tun daga nan aka ɗauka shi ne mabuɗin kowace ƙofa.

Amma hatimi kaɗai yake canzawa, rubutun hannu yana nan. Kamfanonin caca sun san wannan dabara tun kafin mu san ta. A Amurka yawancinsu suna biyan wani kamfani na Kanada mai suna GeoComply, wanda aikinsa ke nan, ya tabbatar da inda mai waya yake. Ba adireshin intanet kaɗai ake dubawa ba. Ana duba abin da tauraron ɗan adam yake faɗa game da wayar, da ƙarafan sabis da suke kusa da ita, da na'urorin intanet na maƙwabta da take jiyowa. Ana kuma da jerin adiresoshin da masu VPN suke amfani da su. In adireshi ya ce Landan, ƙarfen sabis kuma ya ce Kagoro, an gama magana.

Shiga da sauƙi, fita da wuya

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ake kuka.

Kamfanonin da hukuma take sa wa ido sosai sukan tare mutum tun a bakin ƙofa. A Birtaniya, tun Mayu 2019, dole kamfani ya tabbatar da suna da shekaru da adireshin mutum kafin ya bar shi ya yi caca. Yaron ƙauyenmu ba zai wuce nan ba, sai da takardun ƙarya ko na wani. Waɗanda suke barin mutum ya shiga ba tambaya, yawanci masu lasisin wurare masu nisa ne, kamar tsibirin Curacao, wasu ma ba su da lasisin ko'ina. Su ne abin tsoro. Za ka zuba kuɗi, ba wanda zai tambaye ka kome. Za ka yi asara, ba wanda zai tambaye ka kome. Ranar da ka ci, ka nemi cire kuɗi, ranar za a ce ka kawo katin shaida, da hotonka riƙe da shi, da takardar da take nuna gidan da kake zaune. Katinka na Nijeriya ne, kai kuwa ka rubuta cewa a wata ƙasa kake. A cikin dogon sharaɗin da ka latsa ka yarda ba tare da ka karanta ba, an rubuta cewa wanda ya ɓoye inda yake, za a rufe asusunsa a soke abin da ya ci.

To, wa za ka kai wa ƙara? Hukumar can za ta ce kai ba nata ba ne. Hukumar nan za ta ce kamfanin ba nata ba ne. Ga shi kuma kai ka fara faɗin abin da ba gaskiya ba, da hannunka ka rubuta. Mun daɗe muna koya wa 'ya'yanmu cewa ƙarya ƙarya ce ko a kasuwa ko a kotu, sai dai ba mu gaya musu har da wadda ake latsawa da yatsa ba.

Akwai kuma 'yan tsakani. Su ne suke sayar da asusun da aka buɗe da sunan wani Bature, ko su ce a tura musu naira su zuba a madadinka. Asusun da ba da sunanka yake ba, kuɗin cikinsa ba naka ba ne, ko da kai ka zuba. VPN na kyauta ma yana da nasa. Duk abin da wayar take aikawa ta hannun mai shi yake bi, mutumin da ba ka sani ba, a wayar da kake buɗe asusun bankinka.

Kada wani ya ɗauka muna cewa kamfanin gida mai lasisi ya zama gonar riba. Lissafin ɗaya ne ko'ina. Mutum biyu su sa N1,000 kowanne, wannan ya ce za a ci, wancan ya ce ba za a ci ba. Kamfani ya karɓi N2,000, ya ba wanda ya dace kamar N1,900, ya riƙe N100, ko wa ya ci. In kuwa yaro ya haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, kowane wasa rabi da rabi, damarsa 1 ce cikin 1,024. Tsallake shinge bai canza wannan lissafi ba. Abin da ya ƙara shi ne, ko ka dace ɗin ma, ba lalle a biya ka ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata dattawa su sani: wani shingen don taimako aka yi shi. A Birtaniya akwai tsarin da ake kira GAMSTOP, inda wanda caca ta fi ƙarfinsa yake sa sunansa, sai dukan kamfanonin intanet masu lasisin ƙasar su daina karɓarsa. Irin wannan mutum, in ya koma shafukan waje da VPN, igiyar da ya ɗaure kansa da ita ya kwance. Don haka in muka ga ɗanmu ya bar shagon gari ya koma neman hanyar ɓoye, wataƙila abin ya riga ya yi nisa. Zagi a gaban jama'a ba zai dawo da shi ba. A zauna da shi, a tambaye shi nawa ake binsa.

Don tattaunawa a ƙungiya

Wane ne yake riƙe da kuɗin adashi ko na zumunta a wayarsa, kuma mutum nawa ne suke ganin lissafin kowane wata? In saurayi ya zo ya ce an rufe masa asusu da kuɗin da ya ranta a ciki, wa zai iya zuwa wurinsa a ikilisiyarmu ba tare da labarin ya zaga gari ba? Ku roƙi matasa biyu su nuna wa iyaye yadda alamar VPN take fitowa a saman waya.