Darasi na 14: Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Tsofaffin Kwamfutoci

Morris Heights wata unguwa ce a gundumar Bronx ta birnin New York, a bakin kogin Harlem. Mutanen Afirka ta Yamma da dama suna zaune a wannan yanki, cikinsu har da masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Nijeriya. A shekarun 1990, duk wanda ya so buga takardar gayyatar suna ko sanarwar masallaci da Hausa a kwamfutar Amurka, sai ya tarar babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinta. Wannan kuwa ba ƙaramar matsala ba ce, domin lanƙwasar ita ce take bambanta baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da kare da ƙare.

Dalili shi ne, kwamfuta da lamba take gane kowane harafi. Tsarin ASCII na 1963 lambobi 128 kawai ya tanada, don bukatar Ingilishi. Windows 95 da 98 kuma sun dogara ne da jadawali mai gurbi 256, wanda ya wadatar da Faransanci da Jamusanci, amma bai san da Hausa ba.

Saboda haka sai mutane suka shiga dabara. Wasu sukan rubuta k' da d' da b', wasu kuma sukan bar baƙin ba lanƙwasa, mai karatu ya yi ta canka. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zana wa Hausa haruffan kwamfuta na musamman. Irin waɗannan haruffa sukan ari gurbin wasu baƙaƙe ko alamomi da Hausa ba ta amfani da su. To, amma ka san kayan aro ba ya rufe katara: idan aka aika da rubutun daga Kano zuwa Bronx, alhali mai karɓa ba shi da haruffan, sai ya ga "qasa" a madadin "ƙasa", da "xaya" a madadin "ɗaya".

Maganin ya zo ne da tsarin Unicode na 1991, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da na Hausa. Windows NT ta 1993 da XP ta 2001 a kansa aka gina su. A 2001 ɗin ne kuma kamfanin Microsoft ya fitar da wata ƙaramar manhaja don shirye-shiryen Unicode su yi aiki a Windows 95 da 98. Duk da haka, sai an sami salon haruffa mai ɗauke da zanen baƙin, kamar Lucida Sans Unicode, in ba haka ba akwati kawai za a gani a gurbinsa. A yau ko da wayar hannu ana rubuta su, amma tsofaffin takardu da yawa suna nan sai an juya su zuwa Unicode kafin su karantu daidai.

Kalmomi
baƙi: harafin da ba wasali ba
gurbi: wurin da aka ware wa abu
canka: faɗin abu bisa zato

Tambayoyi
1. Me ya sa Windows 98 ba ta wadatar da Hausa ba?
2. Bayyana karin maganar da ke sakin layi na uku.
3. Kawo kalmomi biyu da lanƙwasa take bambanta ma'anarsu.