Yadda Ake Wanke Mota A Gida

Yawancinmu idan muka koma gida hutu, aikin farko da Baba zai ba mu da safe shi ne wanke mota. Aiki ne da ake raina shi, amma yaro da tsumma ɗaya yana iya ɓata fentin da za a kashe kuɗi masu yawa kafin a gyara.

Babbar abokiyar gabar fenti a Birnin Kebbi ita ce ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman ta wajen ƙasar Cadi, tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. Ƙurar nan ba gari ba ce kamar yadda ido ke gani, akwai yashi a cikinta. Fentin motocin yanzu kuwa yana da wani shafe mai ƙyalli a samansa wanda bai kai kaurin takarda ba. Wanda ya goge busasshiyar mota da tsumma, karce ta ya yi. Shi ya sa za ka ga baƙar mota a Gesse duk ta yi zane-zane idan rana ta haska ta.

To, da farko a kai motar inuwa, a bari jikinta ya huce. A kwara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa har yashin ya sauka. Sannan a kawo bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin ya koma jikin motar. Taya da ƙasan ƙofa su ne na ƙarshe, kuma da nasu soson daban. Ni dai ban yarda da omo ba. Yana fitar da dauɗa, amma yana cinye kakin da ke kare fenti.

Akwai dauɗar da sabulu ba ya fitarwa. Kashin balbela da na jemage suna cin fenti, balle a zafin watan Afrilu, don haka a jiƙa tsumma a ɗora a wurin har ya yi laushi, kada a kankare. Haka za a yi wa ƙwarin fadama da ke mannewa a gaban mota idan an biyo hanyar Argungu da dare lokacin damina, da ƙaron dogon yaro. Kwalta kuwa ɗan kananzir ke narkar da ita, sai a sake wanke wurin da sabulu nan take.

In an gama, a shafa tafin hannu a kan bonet. Idan an ji kaushi, akwai saura, kuma masu kayan mota na sayar da wani irin yumɓu na musamman da ake murzawa a hankali da ruwan sabulu. Kada a bar rana ta busar da motar, gama ruwan rijiya yakan bar fararen ɗigo. A tsane ta da tsumma mai laushi, sannan a shafa kaki.