Darasi Daga Tafiyar Ɗa'ifa

'Yan'uwana ɗalibai, a shekara ta 10 da aiko Annabi (SAW), baffansa Abu Ɗalib ya rasu, Nana Khadija ma ta bi shi. Ya tafi Ɗa'ifa yin kira, aka sa yara suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Aka ba shi zaɓin a halaka masu cutar da shi, ya ƙi, yana fatan zuriyarsu za ta bauta wa Allah. A shekara ta 9 bayan hijira, mutanen Ɗa'ifa suka musulunta.

To, kai da ka faɗi jarrabawa, ke da kika rasa mahaifi, kuka ba laifi ba ne. Amma fa a share hawaye, gobe a ɗauko allo a dawo makaranta. Mahaƙurci mawadaci. Allah Ya ƙara mana juriya, amin.