Wasiƙun 'Yan Mishan na SIM a Matsayin Madogarar Tarihin Yankin Funtuwa da Malumfashi

Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka assasa a 1893, ba ta lamunce wa ma'aikatanta tsayayyen albashi ba. Guzurinsu yana fitowa ne daga majami'u da dangi a Kanada da Amurka da Ingila. Saboda haka wasiƙar neman addu'a da ɗan mishan ke aikawa gida daga Malumfashi tana ɗauke da gaisuwa, tana kuma riƙe da hanyar abincinsa. Layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda ya ratsa Funtuwa aka kammala shi a 1929, ya sauƙaƙa wannan sadarwa, duk da cewa auduga da gyaɗa aka shimfiɗa wa shi.

Dogaron nan ya yi tasiri a kan abin da ake rubutawa. Mai ba da gudummawa a Toronto labarin sababbin tuba yake jira, don haka Maguzawa kan sami gurbin da ya zarce adadinsu, Musulmi masu rinjaye kuwa sukan fito a matsayin shinge. Masu wa'azi 'yan ƙasa, waɗanda ragamar coci ta koma hannunsu bayan kafa ECWA a 1954, da bakin wani ake jin labarinsu.

Inda wasiƙun suka fi amfani shi ne abin da marubuci ya ambata a kan hanya: jinkirin damina, cututtuka, sunayen ƙauyuka. Ko waɗannan ma sai an auna su da binciken Murray Last a kan Maguzawan ƙasar Malumfashi, da kuma bayanan dattawan yankin.